Kofi Mai Jan Farce

Ranar da aka shafa wa kofin Inna jan farce, ba wanda ya ɗaga murya a gidan. Malama, matar ɗanta, ita ce ta zauna a bakin ƙofar kicin da 'yar kwalbarta, ta ɗauki kofin roba ta ɗiga masa ja a gindi, ta ɗiga wa faranti, ta ɗiga wa cokali, ta jera su a rana su bushe. Tana yi tana murmushi.

"Inna, don dai kada a riƙa haɗawa ne. Kin ga yanzu akwai jariri."

Inna ta buɗe baki za ta ce ba komai, sai tarin ya riga ta. Busasshen tari ne, ba majina, ba zazzaɓi, sai wani ƙaiƙayi can ƙasan maƙogwaro kamar an maƙale mata gashi. Ta yi shi sau biyar a jere har idonta ya kawo ruwa. Kafin ta ɗago, Malama ta ja mayafi ta rufe hanci ta shige ciki.

Duk unguwar da Inna Mai Reno aka san ta. Shekara talatin ta yi tana renon 'ya'yan ma'aikata, uwa ta miƙo mata da safe ta karɓa da yamma, kuma da wannan bayan nata da ya goyi 'ya'yan mutane ta yi wa ɗanta karatu har ya zama abin da kowa ke kira Injiniya, ita ma haka take ce masa. Wata huɗu da suka wuce aka auna ta a asibiti aka ce hawan jini ne. Likita ya rubuta wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kullum da safe, ya ce a dawo da ita bayan wata guda a ga yadda maganin ya karɓe ta. Ba a koma ba. In ya ƙare, Injiniya yakan ɗauki kwalin da ba komai ya nuna wa mai kyamis a hanyarsa ta dawowa daga aiki, a ba shi irinsa. A wurinsa ya gama sauke nauyi.

Tarin ya soma ne sati uku kafin Malama ta haihu. Ranar da aka dawo da jaririn daga asibiti, Inna ta wanke hannu har gwiwa, ta tsaya a tsakiyar falo tana rawar jiki.

"Ku kawo min angona in gani. Wa ya biyo? Allah ya sa ba hancin ubansa ya ɗauko ba."

Ta miƙa hannu biyu. Tarin ya taso. Malama ta juya da yaron ta ba ta baya, ta ce bari dai ya ɗan huta, hanya ta gajiyar da shi. Yau ga shi yaron ya yi wata biyu yana hutawa, kakarsa ba ta taɓa jin nauyinsa a hannunta ba.

Ba wanda ya furta sunan cutar da suke zargi. A gidan 'yan boko ba a cewa tarin fuka, sai dai a ce "wannan tarin". Amma Inna ba yarinya ba ce. Ta ga yadda ake goge hannun ƙofa da ruwan kashe ƙwayoyin cuta in ta taɓa. Ta ga an ware mata bokiti, an ware mata igiyar shanya. Kujerar da take zama a falo aka ce za a kai gyara, aka fitar, ba ta dawo ba.

Wata Asabar ta tare Injiniya yana wanke mota.

"Ɗan nan, in dai wani abu kuke tsoro, ka kai ni a auna ni mana. In shi ne a yi magani, in ba shi ba ne kowa ya huta."

Bai ɗago daga kan tayar da yake gogewa ba. "Inna, wa ya ce miki wani abu ne? Ke dai kin cika sa wa kanki damuwa. Asibitin nan in mutum ya je sai ya yini a layi. Bari aiki ya ɗan lafa."

"Tun yaushe yake lafawa?"

"Sati mai zuwa, in Allah ya yarda."

Da yamma ta ji su ta taga, shi da matarsa. Malama ce ke magana ƙasa-ƙasa. Ta ce in aka je aka ce shi ne fa, sai an zo an auna duk gidan, maƙwabta su ji, iyayen yara a makarantar da take koyarwa su ji, wa zai yarda ta ƙara tsayawa gaban ɗansa? Gara a yi taka-tsantsan a gida, rigakafi ya fi magani. Injiniya ya ce haka ne. Wato sun fi son su zauna da zargin da su ji gaskiya, don zargi ba ya fita waje, kuma ba su ne ke kwana da shi ba.

Bayan kwana biyu aka mayar da ita sito. Ɗan ɗaki ne a bayan gida inda ake ajiye tsohon janareto da kwalayen da aka sayo firji da talabijin. Aka ture kwalayen gefe, aka sa mata katifa. Malama ta ce ai nan iska ta fi shiga, zai taimaka wa ƙirjinta. Taga ɗaya ce a ɗakin, kuma katanga take kallo.

Bango ɗaya ne tsakanin siton da ɗakin Malama, shi ya sa duk kukan yaron a kunnen Inna yake sauka. Ta kuwa san kuka kamar yadda wasu suka san karatu. Ta san na yunwa, ta san na jiƙa, ta san na rigima kawai. Wata rana da hantsi yaron ya ɗauki wani kuka mai tsini, ya yi shiru kaɗan ya sake tsandarawa. Inna ta miƙe ta zagaya ta tsaya daga nesa da ƙofar ɗakin, inda aka yarda ta tsaya.

"'Yata, iska ce a cikinsa. Kife shi a cinyarki ki riƙa shafa bayan daga ƙasa zuwa sama. Ko ki miƙo min shi, minti biyu kawai."

"To Inna, na ji." Malama tana jijjiga shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana latsa waya, tana neman abin da masana suka ce.

"Ba jijjiga yake so ba. Kife shi."

"Inna, don Allah ki ɗan matsa, tarin zai taso miki."

Ya kuwa taso. Ta koma sito tana yi, ta zauna bakin katifa ta ɗora filo a cinya, ta kife shi, ta kama shafawa daga ƙasa zuwa sama ba tare da ta san tana yi ba. Yaron ya yi awa guda yana kuka. Ita ma ta yi nata, ba sauti.

Ta kira autarta da ke aure a wani gari mai nisa. Auta ta saurara, ta yi ajiyar zuciya. "Inna, ki yi haƙuri. Kin san Yaya ba ya son a sa masa baki a harkar gidansa. Kuma ai gaskiyarsu, jariri ba wasa ba ne. Zan aiko miki da zuma." Zumar ta iso, kwalba babba. Inna ta shanye ta tas, tari yana nan inda yake.

Abin da ya buɗe mata ido sakacin Injiniya ne. Aka tura shi aiki wani wuri na sati biyu, maganin ya ƙare washegarin tafiyarsa, Malama kuma ta ce ba ta san irin wanda yake saye ba, a jira shi. Kwana takwas ba ƙwaya, Inna ta lura ta sha ruwa bai sarƙe ta ba. Kwana goma sha biyu, ta yini ba ta yi tari ba sai sau biyu. Ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Injiniya ya dawo da sabon kwali, ta ci gaba da sha. Ba a rufa sati ba ƙaiƙayin ya dawo mazauninsa.

Inna ba ta iya karatu ba, amma ta iya lura, da shi ta ci abinci shekara talatin. Ta ɗauki kwalin ta same shi a baranda yana shan shayi, ta tsaya daga nesa.

"Injiniya, ina jin wannan maganin ne yake sa ni tari. Da ya ƙare na samu sauƙi, da na koma sha ya dawo."

Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi abin ban dariya da gaske. "Haba Inna. Maganin hawan jini ina ruwansa da maƙogwaro? Jini daban, tari daban."

"Ni dai jikina ne ya gaya min."

"Ke da likita wa ya fi sani?"

"To ka mayar da ni wurinsa in tambaye shi. Ai cewa ya yi a dawo."

Malama ta leƙo daga falo. "Ka ga irin abin da nake gaya maka ko? Tsofaffi in sun gaji da magani sai sun nemo masa laifi. Inna, ki daure ki riƙa sha, don lafiyarki ne."

"Ki riƙa sha," in ji Injiniya, ya mayar da ido kan wayarsa. "Kuɗi nake sawa ina saye."

  Sai Inna ta juya wajen Malama, ta tambayi abin da ya fi damunta. "In tarin ya tsaya fa, za ki ba ni shi?"

Malama ta ce, "In ya tsaya ɗif, aka yi wata guda cur bai dawo ba, me zai hana? Ai jikanki ne."

Wata guda. Inna ta riƙe maganar nan kamar an ba ta ajiya.

Washegari da safe Malama ta ajiye mata shayi da ƙwaya a bakin ƙofar sito, a kofi mai jan farce. Inna ta sha shayin. Ƙwayar kuwa ta juya ta a tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ta san likita bai ba ta don wasa ba. Ta tuna ya ce hawan jini ba ya sallama in zai shigo. Amma ta roƙa a kai ta an ƙi, ta faɗi abin da ta gani an yi mata dariya, ƙofa ɗaya ce ta rage mata. A cikin kowane kwalin magani akwai wata takarda mai laushi, an ninke ta, cike da ƙananan rubutu gaba da baya. Ba wanda ya taɓa buɗe ta a gidan. Inna ta zaro ta, ta sa ƙwayar a tsakiya, ta ƙunshe, ta tura ƙarƙashin katifa. Ta ce a ranta, wata ɗaya ne kawai, in na ɗauke shi sau ɗaya sai in koma sha.

Da ƙwayoyin take ƙirga kwanaki. Ƙwaya goma, tarin ya ja baya. Goma sha biyar, ya ɗauke ɗif. Ta je ta shaida wa Malama don a fara ƙirga daga ranar. Malama ta ce ai ga amfanin killacewar nan, da iskar siton. Injiniya ya ce, "Kin gani ko? Da kin bar maganin da kin cuci kanki a banza."

Abin da ba ta gaya musu ba shi ne ciwon kan. Daga ƙeya yake tasowa da safe, ya riƙe mata wuya. Wani lokaci in ta sunkuya sai ta ga wasu ƙananan taurari suna yawo, kunnenta ya riƙa bugawa. Takan ɗaure kan da ɗankwali tamau ta zauna har ya lafa. Ta san in ta yi ƙorafi ɗaya, za a sake ƙirga daga farko. Ta ci gaba da ƙunshe ƙwaya, takardar tana ƙara kumbura. Ta ƙagu har takan zauna jikin bango tana yi wa yaron magana daga nan. "Angona, ka kusa ganin amaryarka. Kada ka ce na tsufa fa, kai ma ba haƙori gare ka ba."

Ranar da wata ya cika, Lahadi ce, kowa yana gida. Tun da safe ta yi wanka, ta yanke farce kada ta karce shi, ta cire zobenta. Ta ɗauko zanin goyon da ta wanke tun jiya ta ninke a kafaɗa. Kan yana sara mata fiye da kullum, amma ta ce yau ba ranar kula shi ba ce. Ta shiga falo, karo na farko cikin wata uku.

"'Yata, yau talatin."

Malama ta dubi mijinta, shi kuma ya ɗaga kafaɗa. Ta shiga ɗaki ta fito da yaron. Ya yi ɓul-ɓul, wuyansa ya tsaya, yana ta zare ido. Hancin ubansa ne sak. Inna ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ta miƙa hannu.

Hannun hagu ne kawai ya tashi.

Ta dubi na daman. Yana nan rataye a gefenta. Ta ce masa ya tashi, ya ɗan motsa ya koma. Yatsun sun yi nauyi kamar na wani ne aka ara mata. Malama ta riga ta matso, yaron yana tsakaninsu, har Inna tana jin ƙamshin hodar jikinsa. Taku ɗaya ya rage. Da hannu ɗaya ma za ta iya rungumo shi, ko na ƙiftawar ido. Amma shekara talatin tana reno ba ta taɓa yar da ɗan kowa ba, kuma ta san hannun da ba zai riƙe ba.

Ta ja da baya. "Kada ki ba ni."

Maganar ta fito a karkace, harshen ya yi mata kauri. Malama ta tsaya sororo, sannan ta haɗe rai.

"Ikon Allah. Kullum a ba ni, a ba ni, yau ga shi an kawo kuma sai jan aji? Ka ga irinta ko? Fushi take yi da mu."

"Inna, mene ne haka kuma?" in ji Injiniya daga kan kujera. "Ba ga shi an ba ki ba?"

Ta so ta ce masa hannuna, ɗan nan, hannuna. Abin da ya fito ba magana ba ce. Zanin goyon ya zame daga kafaɗarta ya faɗi. Sai da ƙafar dama ta lanƙwashe ta zube a kan tayil, sannan Injiniya ya tashi.

A ranar an sami lokacin zuwa asibiti. Layin ma bai hana ba.

Kwana uku ta yi kafin ta gane inda take. Tana jin komai, tana ganin komai, baki ne da ɓarin dama suka tafi. Tana kwance likitar ɗakin, wata mace mai furfura a goshi, ta tsaya da Injiniya a gefen gadon. A hannunsa akwai ƙunshin takardar nan, Malama ce ta gano shi da ta je ɗauko wa Inna kaya a sito. Ya miƙa wa likitar kamar mai gabatar da shaida.

"Kin ga abin da ta yi mana, likita. Ashe ɓoyewa take yi. Ni kuwa ban taɓa fashin saya mata ba."

Likitar ta warware ƙunshin a kan tebur, ƙwayoyin suka baje, sun haura arba'in. "Me ya sa ta daina sha? Ta yi kukan wani abu?"

"Wai tari yake sa ta."

"Busasshe? Mai ƙaiƙayi a maƙogwaro?"

Ya ce e.

"To ai gaskiyarta. Irin wannan maganin yakan sa wasu mutane haka, sananne ne. Shi ya sa muke cewa a dawo. Da kun kawo ta, canza mata wani za a yi, shi ke nan, ba ya ɗaukar minti biyar. Mun ɗauki hoton ƙirjinta, mun auna, ba ta da komai a huhu." Ta shafe takardar da ta yamutse da tafin hannu, ta bi layukan da yatsa, ta tsaya a wani wuri ta tura masa. "Ga shi nan ma a rubuce. Ita ba ta karatu. Kai fa?"

Inna tana kallonsa yana karantawa. Layi ɗaya ne, amma ya daɗe a kansa. Ta ga kunnuwansa sun motsa kamar yadda suke yi tun yana yaro in an kama shi da laifi. Abin haushi, tausayinsa ne ya kama ta.

Bayan sati uku aka sallame ta. Ba a mayar da ita sito ba, aka sa mata gado a falo don masu dubiya su gani. Kujerar da ta tafi gyara ma ta dawo. An canza mata magani, ba ta ƙara tari ba. Masu dubiya suna ta zuwa, Malama tana karɓarsu da fuskar jimami, kuma bayaninta ɗaya ne ga kowa.

"Wallahi ƙin shan magani ne. Kullum da hannuna nake kai mata har ɗaki, ashe tarawa take yi a ƙarƙashin katifa. Kun san tsofaffi da taurin kai."

Su kuma su ce Allah sarki, ai kun yi ƙoƙari, ba kowace suruka ce za ta yi abin da kika yi ba. Injiniya yakan sunkuyar da kai ya ce ƙaddara ce, ba a tsallake ta. Auta ta zo ta yi kuka ta ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya wa kowa ba?" Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na tsohuwar da ba ta da bakin musu. Ba wanda ya ambaci sito, ba wanda ya ambaci takarda. Kofin nan kuwa yana kan teburin gefen gadonta, da shi ake ɗura mata ruwa har yanzu, jan bai goge ba.

Wata yamma falon ya cika da abokan aikin Malama. Ɗaya daga cikinsu ta ce, ai ya kamata a riƙa kawo mata jikanta kusa, yana sa mai jinya farin ciki. Malama ta ce ai kullum ma haka suke yi. Ta tashi da sauri ta ɗauko yaron, ta zagayo ta gefen da ya fi kusa da baƙin, ta ɗaga hannun Inna na dama ta kwantar da shi a ciki, ta riƙe gwiwar hannun kada ya zame.

"Inna, ga angonki. Yi murmushi mana a ɗauke ku hoto."

Inna ta karkato ido ta dube shi. Ga shi nan a hannunta, yana wasa da yatsunta, yana kai su baki. Ta jira ta ji ɗuminsa, ta jira ta ji nauyinsa, ta ƙara jira. Ba ta ji komai ba.